Wutsiyar Kwanan Wata

Takarda ta farko da aka taɓa dawo mini da ita a aikin ofis, haruffa biyu ne suka jawo. Ina sabon ɗauka a ɗakin masu tafireta na wata ma'aikata a Kaduna, ƙarshen shekarun 1970, aka miƙo mini daftarin wasiƙa. Na jera farar takarda da kwafi uku, kabon a tsakaninsu, na zauna na buga ta tsaf, ko gogewa ɗaya babu. Ina ta jin kaina. Babban akawunmu, wani dattijo da ya fara aiki tun zamanin En'e, ya karɓa. Bai ko kai ga jikin wasiƙar ba idonsa ya tsaya a kusurwar dama ta sama. Ya zaro jan biro ya kewaye wani abu.

"Yaro, yau nawa ga wata?"

"Ashirin da biyu, ranka ya daɗe."

"To faɗa mini da Turanci."

Na faɗa. Ya ce in maimaita ƙarshen a hankali. Ina maimaitawa na ji ɓarnar da na yi: bakina yana ƙarewa da "nd", hannuna kuwa 22th ya buga. Dattijon ya ture mini takardar ya ce, "Ba a kai wa Babban Sakatare tunkiya da wutsiyar akuya. Sake." Na sake, da ita da kwafinta uku, domin a wurinsa farin ruwan gyara a kan kwanan wata haramun ne. Ana iya shafa shi a ko'ina ban da nan.

Tun daga ranar nake kiran abin da wutsiya. Malaman nahawun Hausa za su ce ɗafa-ƙeya, kuma su ne da gaskiya, amma wutsiya ta fi zama a bakina. Haruffa biyun nan da Bature ke maƙala wa lamba, st da nd da rd da th, ƙarshen kalmominsa ne na jerin matsayi, wato na farko, na biyu, na uku, na huɗu. Ɗaya da ashirin da ɗaya da talatin da ɗaya suna ɗaukar st. Biyu da ashirin da biyu, nd. Uku da ashirin da uku, rd. Sauran duka th, har da sha ɗaya da sha biyu da sha uku, waɗanda ke yaudarar mai koyo saboda sun ƙare da 1 da 2 da 3 amma furucinsu daban. In ka ƙirga, a watan da ya cika talatin da ɗaya kwana bakwai ne kawai ke da wutsiya ta dabam, ashirin da huɗu duk th ne. Tarkon ke nan. Hannun da ya saba da th zai yi daidai kusan kullum, sai ya daina tunani, ranar ashirin da biyu kuma ta kama shi.

A kan tafireta, in kana son wutsiyar ta hau sama kamar yadda tsofaffin akawuna ke so, sai ka kama marfin gangar da hannun hagu ka murza ta rabin layi, ka buga haruffan biyu da hannun dama, ka mayar da ita inda take. Haruffan ba sa ƙanƙancewa, girmansu ɗaya da sauran, hawa kawai suke yi. Da kabon uku a ciki murzawar tana iya zamar da kwafin ƙasa, sai layin ya karkace daga nan har sa hannu. Shi ya sa yawancinmu muke barin ta a ƙasa daidai da lambar. Masu ɗaga ta kuwa gwaninta suke nunawa, kuma ana gane aikinsu ko ba a duba haruffan sunansu a gindin wasiƙa ba. Akwai wata baiwar Allah a ɗakinmu da ke aiki a kan wata tsohuwar Imperial, takan ɗaga wutsiyar ta kuma ja mata layi a ƙasa, kuma ba ta taɓa karkata ba ko sau ɗaya. Mu masu Olympia sai kallo.

Abin da ban lura da shi ba a lokacin, sai da ya tafi, shi ne cewa kwanan watan nan shaida ce. Ƙarfe ya daki ribon, ribon ya daki takarda, har bayanta kana jin tudun haruffan da yatsa. In ya zauna ya zauna. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Kwafin kabon yana cikin fayil, masinja ya shigar da wasiƙar a littafin aike, can kuma inda aka kai ta akawun rajista ya buga mata hatimin karɓa. Shaidu uku ko huɗu, kowanne a hannun mutum dabam. Hatimin kansa abin lura ne: zobban roba ne da ake juyawa kowace safiya, rana da wata da shekara, babu wutsiya ko ɗaya a jikinsa, kuma ban taɓa jin wanda ya ce bai gane shi ba. Da mun yi tunani, da tun a nan mun gane cewa wutsiyar ado ce.

Harshenmu ma ya riga ya gaya mana haka. Dubi kalmar kanta, kwanan wata. Bahaushe ba matsayin rana yake lissafawa ba, dararen da jinjirin wata ya yi yake ƙirgawa tun tsayuwarsa. Wata ya kwana uku, wata ya kwana goma sha huɗu. Tsohuwa a ƙauye za ta ce maka an haife ka bakwai ga watan Azumi, ko saura kwana biyu Babbar Salla, kuma ba ta yi kuskure ba. Ƙidaya ce zalla, uku, bakwai, goma, sai ɗan "ga" ya haɗa ta da watan. Da boko ya zo da watanninsa, sai muka zuba su cikin wannan tsohuwar ƙwarya suka zauna daram: ranar 1 ga watan Oktoba, 1960. Haka jaridun Hausa suka saba rubutawa, haka gidajen rediyo ke karantawa. Kalmar "ga" ɗaya ta ɗauke aikin da Turanci ke buƙatar wutsiya huɗu da togaciya uku kafin ya yi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi makarantar Faransanci su ma sun huta: a can ranar farko ta wata ce kaɗai ke ɗaukar wutsiya, 1er, sauran kwanakin lamba ce tsirara. Ranar 'yancin Nijar, 3 ga Agusta 1960, 3 ce kawai a rubutunsu.

Kwamfuta ta shigo ofishinmu a farkon shekarun 1990, guda ɗaya, an lulluɓe ta da leda kamar amarya, a ɗaki mai sanyi da ba kowa ke shiga ba. WordPerfect 5.1 ce a ciki, mai shuɗiyar fuska da fararen haruffa, da 'yar takardar da ake ɗorawa a saman maɓallai don tuna aikin kowanne. Ita ba ta da karambani, abin da ka buga shi za ta ba ka. Karambani ya zo ne da Microsoft Word ta kan Windows. Ba zan manta ranar da na buga 3rd na danna tazara ba, sai haruffan biyu suka yi tsalle da kansu, suka ƙanƙance, suka ɗare saman lambar. Na janye hannuna. Na goge na sake, suka sake yi. Baiwar Allahn nan mai Imperial tana tsaye a bayana, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, ni kuma me ya rage mini?" Dariya muka yi, amma ba wasa take ba. Abin da ta shekara ashirin tana gogewa, na'ura ta raba wa kowa kyauta, har wanda bai nema ba. Tun tsakiyar shekarun 1990 Word ke zuwa da wannan gyara-da-kanka a kunne, sai dai mutum ya shiga saitinta ya kashe, ko kuwa ya danna Ctrl da Z nan take ya sauko da wutsiyar.

Daga nan sai zamanin samfuri, abin da 'yan ofis ke kira tamfilet. A ƙa'ida ƙwarangwal ne na wasiƙa da ake ajiyewa daban, da kan takarda da adireshi da gurbin suna da gurbin kwanan wata, kowace sabuwar wasiƙa ta fito daga jikinsa shi kuma ya zauna yadda yake. A aikace kuwa, daga ma'aikatu har shagunan buga takardu na bakin sakatariya da bakin kotu, samfurinmu shi ne wasiƙar jiya. A buɗe ta, a canza suna, a canza lamba, a buga. Nan ne 21th da 2st da 23nd suka yi yawa fiye da duk abin da na gani a zamanin tafireta. Dalilin a bayyane yake. Na'urar ba ta komawa kan wutsiyar da ta riga ta ɗaga. Mai bugu yakan goge lambar ya sa sabuwa, 'yar wutsiyar kuwa ta ƙanƙance a sama, ido ya tsallake ta. Ga shi babu jan biro, domin babban akawun ya yi ritaya, wanda ya gaje shi kuma ya ɗauka duk abin da ya fito daga firinta ai ya riga ya gyaru.

Maganin da masu ilimin abin suka kawo shi ne a bar wa kwamfuta kwanan watan baki ɗaya. A cikin Word akwai wasu gurabe masu rai, ka gan su kamar rubutu amma umarni ne a ɓoye, in ka danna Alt da F9 sai su tona kansu. Wani matashi da aka ɗauko ya gyara mana na'urori shi ya nuna mini. Umarnin DATE yana ɗauko ranar daga agogon kwamfuta. In aka rubuta DATE \@ "d" \* Ordinal sai ya fitar da ranar da wutsiyarta daidai, 1st ko 22nd ko 13th, ba ya kuskure, sannan a bi shi da gurbi na biyu mai fitar da wata da shekara. Sai dai wutsiyar da wannan umarni ke bayarwa a ƙasa take zama, ba ta hawa. Maigidanmu na lokacin kuma a sama yake son ta. Sai yaron nan ya kwashe yini guda yana saƙa umarni cikin umarni, in ranar kaza ce sa kaza, in ba ita ba duba kaza, har ya raba lambar da wutsiyar ya ɗaga ta ita kaɗai. Da ya gama ya nuna mini abin a tone, layi uku na baka-biyu da alamomi, duk don haruffa biyu. Na ce masa, "Ɗana, da hannun hagu muke yin wannan." Ya ce, "Baba, ai daga yau ba mai sake taɓa shi."

Gaskiya ya faɗa, kuma nan matsalar take.

Bayan 'yan shekaru wani tsohon masinjanmu ya zo ritaya, aka nemi takardar ƙarin girmansa ta ƙarshe a fayil ba a samu ba, ruwa ya taɓa shiga ɗakin ajiya. Aka ce ai tana cikin kwamfuta. Ni na nemo ta, na buɗe, na buga, aka sa mata hatimin cewa kwafin gaskiya ce, ta tafi. Ban dubi kusurwar dama ta sama ba, ni da aka horar da jan biro a kan wannan kusurwa. Gurbin nan mai rai, da na buɗe takardar, sai ya dubi agogo ya rubuta ranar da muke ciki. Takardar da aka rubuta shekaru huɗu baya ta fito da kwanan watan wannan makon, wutsiyarta a sama, daidai, kyakkyawa. Masu lissafin haƙƙinsa suka ce ƙarin girman da aka yi ana saura kwanaki mutum ya bar aiki abin tuhuma ne. Bawan Allahn nan ya yi wata da watanni yana zarya, yana zama a kan benci a ƙofar ofishina, ko sau ɗaya bai ɗaga mini murya ba, abin da ya fi zagi ciwo. Abin da ya cece shi a ƙarshe tsohon littafin aike ne, mai bangon kwali, inda shi da kansa ya taɓa sa hannu ranar da ya karɓi asalin takardar.

Daga baya na koyi abin da ya kamata a ce tun farko na sani. DATE kullum yau yake faɗa. Wanda ya dace da samfurin wasiƙa shi ne CREATEDATE, mai riƙe ranar da aka ƙirƙiri takardar, amma shi ma sai in daga samfurin gaske aka ciro ta. In wasiƙar jiya aka kwafa, zai iya kawo ranar uwarta. Akwai SAVEDATE na ranar adanawa ta ƙarshe, akwai PRINTDATE na ranar bugawa. Kuma in an gama wasiƙa ana iya kashe gurbin ya koma rubutu mara motsi, a haskaka shi a danna Ctrl da Shift da F9. Duk wannan ilimi ne mai sauƙi. Amma ba wanda ya koya mana shi, domin hankalin kowa, daga maigida har yaron kwamfuta har ni, yana kan wutsiya. Mun tsare ta, ranar kanta ta sulale.

Ga kuma rikicin jeri. Kwamfutocin da ake kawo mana yawanci a saitin Amurka suke zuwa, inda wata ke gaba rana na biye. Mu kuwa tsarin Ingila muka gada, rana sannan wata. Sai 4/5 ta zama huɗu ga Mayu a wurin mai karatu, biyar ga Afrilu a wurin na'ura. A nan kam dole in yi wa wutsiya adalci: wanda ya rubuta 4th May ya rufe ƙofar gardama. Amma sunan watan ne ya rufe ta, ba th ba. Mu kanmu ba mu tsaya a layi ɗaya ba. Ranar 'yanci muna cewa 1st October, zaɓen 1993 kuwa kowa June 12 yake ce masa, irin ta Amurkawa. Masu tsara ƙa'idojin duniya sun fitar da nasu tun 1988, ISO 8601, shekara sannan wata sannan rana, kamar 1993-06-12. Yana da kyau ga sunan fayil, domin takardu sukan jeru da kansu bisa tsufa, amma ban ga mai rubuta wa surukinsa wasiƙa da shi ba.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma wutsiyar nan ta taɓa tsone idon manya a Amurka. Ranar 8 ga Satumba, 2004, ana saura wata biyu zaɓen shugaban ƙasa, gidan talabijin na CBS ya nuna wasu takardu da aka ce wani kwamandan rundunar tsaron sama ta jihar Texas, Jerry Killian, ya rubuta a 1972 da 1973, masu sukar yadda George W. Bush ya yi aikin soja. Cikin sa'o'i masu sa ido suka hango wani abu: a lambar runduna, 111th, wutsiyar ta ƙanƙance ta hau sama, sak yadda Word ke yi. Ita kaɗai ba ta isa hujja ba, domin akwai tafiretocin wancan zamani da aka yi wa maɓalli na musamman. Amma da wani ya sake buga ɗaya daga cikin takardun a Word bai taɓa saitin komai ba, aka ɗora su a kan juna, sai layi ya hau layi. Ranar 20 ga watan CBS ta ce ba za ta iya tabbatar da ingancinsu ba, ta nemi afuwa. A Janairun 2005 ma'aikatanta huɗu suka rasa kujerunsu, Dan Rather kuma, wanda ya gabatar da rahoton, ya sauka daga karanta labaran yamma a watan Maris. Da na ji labarin, babban akawunmu na tuna. Shi ma da kusurwar zai fara.

Akwai wani kwanan watan da na'ura ba za ta taɓa kamawa daidai ba, duk wayonta. Wasiƙun masarautu da na ƙungiyoyin addini sukan ɗauki biyu, na Hijira da na Miladiyya. Word tana iya fitar da na Hijira in aka ƙara wa umarnin \h, amma da lissafi take yi, ba da ganin wata ba. Mu kuwa sai an ga jinjiri Sarkin Musulmi ya sanar. Sai ka ga kwamfuta ta ce biyu ga Shawwal alhali a gari ranar ake hawan idi. Kuma ranarta tana juyawa ne da sha biyun dare, tamu ta Hijira da faɗuwar rana, shi ya sa daren Juma'a a wurinmu yake zuwa kafin yininta. Duk sakataren da ya bar wa samfuri wannan gurbin zai sha kunya wata rana a gaban malamai.

Abin da ke ba ni dariya yanzu, masu harshen da kansu sun fara yar da wutsiyar. Jaridar Guardian ta Ingila ba ta sa ta a kwanan wata, shafukan gwamnatin Birtaniya ma haka, 4 June kawai sai shekara. Mu ne muka riƙe ta gam, har muka shigo da ita inda ba gidanta ba. Kwanan baya jikata ta kawo mini katin ɗaurin auren ƙawarta a waya, da Hausa aka rubuta shi daga bisimilla har addu'ar ƙarshe, amma a tsakiya an sa "ranar Asabar 14th ga wata". Ga "ga", ga th, an yi wa doki linzami biyu. Na tambaye ta wa ya tsara, ta ce ai samfuri ne ake saukowa da shi, suna kawai ake canzawa. Na ce to da ɗaurin auren ya faɗo ranar ashirin da biyu fa? Ta ce, "Kai Kaka, wa zai duba?"

Ni zan duba, an riga an ɓata ni. Ba kuma ina kewar tafireta ba ne. Wanda ya taɓa sake buga shafi guda da kwafi uku saboda harafi ɗaya, ko ya yini yana bin b da d da k da biro yana yi musu ƙugiya domin na'urar ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba, ba zai yi kukan komawa can ba. Kwamfuta ta fi, nesa ba kusa ba. Abin da na ƙi shi ne a miƙa mata layin da ya kamata mutum ya ɗauki alhakinsa.

Saboda haka, ku masu riƙe da ofisoshi a yau, da ku 'yan shagon buga takardu: in da Hausa kuke rubutu, ku sa "ranar 22 ga watan Maris" ku bar ta haka. In da Turanci ne, ku rubuta sunan watan cikakke, wutsiyar kuwa in maigida bai matsa ba ku sauke ta. Kafin ku adana wasiƙar da aka sa wa hannu, ku danna Alt da F9 ku ga ko kwanan watanta na da rai, in yana da shi ku kashe. Kuma kafin takarda ta bar teburinku, a samu mutum ɗaya ya dubi kusurwar sama ya tambayi kansa yau nawa ga wata.